"Yatsan da ke nuna wata ba shi ne watan ba": daidai yake da "gani ya kori ji"?

Ɗan Birni: Jama'a, mabiya Buddha na ɗarikar Zen a Sin da Japan suna yawan faɗa wa ɗalibansu wannan magana ta yatsa da watan sama, musamman Turawa masu zurfin boko. Ni dai na ɗauke ta tamkar "gani ya kori ji". Ko na kauce?

Malamin Falsafa: Ka kusa, ɗan'uwa, amma da saura. Ai Bature ma ya yarda gani ya kori ji, kimiyyarsa a kan haka ta tsaya. A tsofaffin littattafan addinin Buddha na harshen Pali hikima hawa uku ce: wadda aka ji, wadda aka samu ta tunani, da wadda aka samu ta horon zuciya. Karin maganar tamu ta tsallake hawa na tsakiya, nan kuwa Bature ke maƙalewa. Tun 1637 Descartes, masanin falsafa Bafaranshe, ya kafa samuwar mutum a kan tunaninsa, sai ga malamin Buddha yana ce wa Bature wannan "ni" ɗin ba tabbatacce ba ne.

Hajiya Mai Nazari: Malam, a zaman horon zuciya abin ya fi fitowa. Mafari a Zen ƙirga numfashi yake yi daga 1 zuwa 10, in hankali ya tafi ya koma 1. Ma'abocin nazari kafin ya kai 4 ya fara auna kansa: na natsu kuwa? Me ƙwaƙwalwata ke yi yanzu? Wannan aunawar ita ce kallon yatsa. Shi ya sa a zaman kwana 10 na tsarin Goenka, wani malamin horon zuciya, ake hana karatu da rubutu da hira, a tashi ƙarfe 4 na asuba, kwana uku na farko ba abin da ake lura da shi sai iska a bakin hanci.

Baba Tsoho: Hajiya, kada mu yi wa tunani rashin adalci. Sufayen ɗarikar Buddha ta Gelug a Tibet shekara da shekaru suke yi suna muhawara a tsakar gida, har da tafa hannu, kafin su zama geshe, wato manyan malamai. In babu yatsa wa zai san inda zai duba?

Malamin Falsafa: Gaskiyarka, Baba. To ni "sai an gwada akan san na ƙwarai" ta fi kusa. Ko misalin da Buddha ya ba almajirinsa Malunkyaputta: an harbi mutum da kibiya mai dafi, ya ce ba za a cire ba sai ya san sunan maharbin da irin gashin tsuntsun da ke jikinta.

Ɗan Birni: Wannan kam da ita zan tafi. Amma Baba, wane ma'auni malaman Tibet ke bi su ce muhawara ta isa, a je a zauna?