Man gyadana ya yi barci, algus aka min ne?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Ina suyar awara a Jos, satin da ya wuce na sayi jarkar man gyada, yau da asuba zan zuba a kasko sai na ga ya yi barci, ƙasan jarkar fari da gudaji kamar kunun da ya kwana. Maƙwabciyata ta ce kitse aka narka aka zuba, wallahi hankalina ya tashi don yaran makaranta ne ke sayen awarata. In zubar ne ko yaya?

Inna Mai Ƙuli: Wa alaikumus salam. Shekara da shekaru ina matsar gyada, man da na matsa da hannuna bai taɓa barci da hunturu ba, sai dai in firji aka sa shi. Ki shinshina 'yata, in babu ƙanshin ƙuli to ba shi ba ne.

Malamin Kimiyya: Gaskiyar Inna ce. Hajiya kar ki zubar tukuna. Kowane mai haɗin sinadaran maiƙo ne iri biyu, akwai miƙaƙƙu masu jeruwa su matse kamar ashana a kwali, su ke sa daskarewa, akwai masu lanƙwasa da ba sa iya jeruwa. Man gyada miƙaƙƙun cikinsa ba su wuce kashi 20 cikin 100 ba, shi ya sa sai sanyi ya kusa na ƙanƙara yake kamawa. Manja kuwa rabinsa miƙaƙƙu ne, wanda ake kira palmitik kaɗai ya kai kashi 44. To kamfanoni na tace manja su cire jan, su ware ɓangaren man mai ruwa-ruwa, a kasuwa a kira shi man gyada alhali ko ƙwayar gyada babu, kuma sanyin asubar Jos ya ishe shi barci. Ina kyautata zaton shi aka ba ki, ana ci lafiya lau. Ki ɗiba a kofin gilashi ki tsoma a ruwan ɗumi wanda hannu ke jurewa, in ya narke garau shi ne. Kitsen shanu sai zafi ya haura digiri 40, kuma za ki ji ƙarni, yana kama dasashi in awara ta huce.

Maman 'Yan Biyu: Na gwada Malam, ya narke tas kuma ba ƙarni, Alhamdulillah. Amma kuɗin man gyada na biya fa, gobe in sha Allah zan koma wurin mai shagon da kofin a hannuna.