Ƙanwata a Amurka da abokiyar ɗakinta Bayahudiya: me zan ce mata?

Maman Ihsan, Jos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata tana digiri na biyu a wata jami'a a Amurka, ɗaki ɗaya suke da wata yarinya Bayahudiya. Ba ta fashin gangamin Gaza, ni ma ban hana ta ba, don abin da ake yi wa Falasɗinawa yana ci mini rai. To shekaranjiya ta kira ni, muryarta a sanyaye. Wai yarinyar ta cire sarƙarta mai tauraro, alamar Yahudawa, ta jefa a durowa, ta daina zuwa wurin cin abincin Yahudawa, tun ranar da wasu samari suka tare ta a ƙofar laburare suka ce sai ta la'anci Isra'ila kafin ta wuce. Kuma ita ce ta yi jinyar ƙanwata lokacin da sanyin can ya kwantar da ita. Ƙanwata tana son ta yi magana a ƙungiyarsu ta masu gangamin Gaza, amma tana tsoron a ce ta sayar da Falasɗinu. Me zan ce mata?

Malamin Tarihi, Jos:
Hajiya, mu 'yan Jos ba sai an yi mana dogon bayani ba. A rikicin Satumba 2001 da na Nuwamba 2008, mutum nawa aka tare a hanya aka tambayi sunansa, sunan ya yanke masa hukunci? Tare ɗaliba a ƙofa saboda asalinta daga nan yake farawa. Kuma ba almara ba ce. A Oktoba 2023 wani ɗalibin jami'ar Cornell ya wallafa barazanar harbi a wurin cin abincin ɗalibai Yahudawa, kotu ta ɗaure shi wata 21. A ranar 5 ga Disamba 2023 majalisar Amurka ta tambayi shugabannin jami'o'in Harvard da Pennsylvania da MIT ko kiran a ƙarar da Yahudawa ya saɓa dokar makaranta, suka yi ta kwana-kwana wai ya danganta da yanayi. Liz Magill ta Pennsylvania ta yi murabus bayan kwana 4, Claudine Gay ta Harvard ta bi ta a Janairu 2024. Ƙanwarki ta soki Netanyahu da sojojinsa son ranta, amma yarinyar nan ba ita ta jefa bam ba.

Abu Yasir, Abuja:
Malam, ban ƙi taka ba, sai dai a faɗi ɗaya gefen. Ana amfani da zargin ƙin Yahudawa a toshe bakin duk mai sukar Isra'ila. A Nuwamba 2023 an harbi ɗalibai Falasɗinawa 3 a jihar Vermont, biyunsu sanye da rawanin Falasɗinu, wa ya yi murabus? Kuma a sansanin da ɗalibai masu goyon bayan Gaza suka kafa a jami'ar Columbia a Afrilu 2024 akwai Yahudawa cikin masu zanga-zangar.

Malamin Tarihi, Jos:
Gaskiya ne, Abu Yasir, kuma hujjata ce ka kawo. Tunda Bayahude yana tsayawa wa Gaza, da wane dalili za a ga tauraro a wuyan yarinya a ce ta amsa laifin wata gwamnati?

Umma Hauwa, Abuja:
Maman Ihsan, ki tuna mata aya ta 8 a Suratul Ma'ida: kada ƙin wasu mutane ya sa ku bar adalci. Annabi (SAW) ya miƙe da aka wuce da gawa, aka ce ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Sannan ga abin yi. Ta fara tambayar yarinyar me take so, kada ta yi mata gaba-gaɗi. In ta yarda, su rubuta rana da wurin da abin ya faru, su kai ofishin kula da ɗalibai. Sashe na 6 na dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ya wajabta wa duk jami'ar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta ɗauki mataki, kuma ɗalibi Musulmi ko Balarabe ma dokar ce ke kare shi. Ta riƙa raka ta laburare. A ƙungiyar kuwa ta fara da shugabanninsu a keɓe, kafin gaban taro. Ita kanta ta yi hattara, a 2025 an soke bizar ɗalibai baƙi da dama, wasu saboda zanga-zangar nan.