Na'urar lantarki don ƙarfafa tsokar ƙasan ƙugu: abin da masana suka tsaya a kai

Likitocin fisiyo sun ce na'urar ta fi amfanar wadda tsokarta ta ƙasan ƙugu, mai riƙe fitsari, ta saki har ba ta iya matse ta da kanta, fitsari yana kuɓucewa in ta yi tari ko atishawa.

A fara yin fitsari, a wanke sandar na'urar, a shafa mata man santsi (jel) wanda aka yi da ruwa, a saka ta a farji na'urar tana kashe, ƙarafunanta biyu suna fuskantar ƙugu hagu da dama. Sai a riƙa ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan har a ji tsokar tana ɗagowa, a matse tare da ita. Ga irin wannan matsalar ana saita na'urar tsakanin 35 zuwa 50 Hz (wato yawan bugun lantarki a daƙiƙa ɗaya), minti 15 zuwa 20. Wuce haka gajiyar da tsokar yake yi. In an ji zafi kamar tsira allura, galibi man ya yi kaɗan ne, ko sandar ta zame.

Mai ciki, mai batirin zuciya, da mai ciwon sanyi su kauce mata. Mai jego ta jira izinin likita. Yoyon fitsari na bayan doguwar naƙuda kuwa huji ne a mafitsara, tiyata yake buƙata.