In fara Farisanci tun daga gida ko in bari sai na isa Ƙum?

Ɗan Zazzau: Salam 'yan uwa. Na samu gurbin karatu a birnin Ƙum na ƙasar Iran, saura wata 4 tafiya. Ina da Larabci daidai gwargwado. In biya malami in fara yanzu ko in jira? Nahawun nake tsoro.

Baban Zahra: Ƙanina kwantar da hankalinka. Babu namiji babu mace, "u" shi ne shi, shi ne ita. Haruffa 32, na Larabci ne da ƙarin 4, pe, che, zhe, gaf. Ezafe kuma, wato ɗan wasalin da ke haɗa kalma da kalma, tamkar "n" ɗinmu ce ta littafin malam, ketab-e ostad, sai dai yawanci ba a rubuta ta, kunne ke kamawa.

Tsohon Ɗalibi: Ni dai kar ka biya kowa wallahi. Dubu 60 na ba wani, wata 3 yana sa ni haddar raftam rafti raft, wato na tafi, ka tafi, ya tafi, na isa can na je sayen burodi ina cewa nan, mutane na cewa nun, ina miravam, wato ina tafiya, suna miram, kamar ban taɓa karanta komai ba, ga shi ya daina ɗaga wayata da sauran wata guda a hannunsa. Har yau abin na ci min rai.

Maman Biyu: Dubu 60? Mu dubu 10 muke biya a wata.

Baban Zahra: An cuce ka, amma haddar ba ta tafi a banza ba. Kowane aikatau saiwa biyu gare shi, didan, wato gani, na da did da bin, wa zai canka? Ginin kalma kuwa daɗi, danesh ilimi, daneshgah jami'a, daneshju ɗalibi.

Tsohon Ɗalibi: Malam shekara nawa ka yi a can? Ko ziyarar Mashhad ce ta sati 2?

Baban Zahra: Shekara 5, da iyalina.

Na Kantin Kwari: Ku koya masa taarof tukuna, wato al'adarsu ta kara da tayin fatar baki 😂 direba ya ce min ghabel nadare, wai ba sai na biya ba, na yi godiya na kama hanya, sai ga shi a guje.

Maman Biyu: Ni kuɗin ne ma damuwata. Toman ɗaya riyal 10, kullum sai na rikice, kuma katin bankinmu ba ya aiki saboda takunkumi. Maigidana sai ya nemi matafiyi kafin a aiko mana.

Tsohon Ɗalibi: Nawa ake cire muku a hanya? Mu abin ya yi yawa.

Ɗan Zazzau: To batun malamin fa, yayyena?