Wane suna za mu ba IFF da Hausa?

Injiniya: Jama'a, a taimaka da sunan IFF, na'urar da ke hana sojoji harbo jirgin ɓangarensu. Wasu na rubuta "na'urar bambance aboki da abokin gaba". Sunan ya yi tsawo, kuma ya ɗora mata aikin da ba ta iyawa.

Baba Soja: Haka ne, Injiniya. Abu biyu ne a ciki. Mai tambaya yana haɗe da radar, yana aika saƙo a megahaz 1030. Mai amsa yana cikin jirgi, yana mayarwa a 1090. In amsa ta dace, namu ne. In aka ji shiru, to ba a san ko wane ne ba: wataƙila na'urar ta lalace, ko ba a ɗora mabuɗin sirrin da ya dace ba, ko jirgin ya karkata jikinsa ya tare eriya. Ba ta taɓa cewa ga maƙiyi.

Malama Mai Fassara: To Baba, me zai hana mu ce "gane-na-gida"? In an buga ƙofa aka ce wane ne, ai "na gida ne" ake amsawa.

Baba Soja: Malama, ya zauna. Kuma cire maƙiyi daga sunan ba ƙaramin abu ba ne. Ran 14 ga Afrilun 1994, jiragen F-15 biyu na Amurka sun harbo helikwaftocin Black Hawk biyu nasu a arewacin Iraƙi, mutum 26 suka rasu. Helikwaftocin na ba da lamba 42 ta sararin Turkiyya, alhali 52 ake nema a yankin. Amsa ba ta dace ba, matuƙan suka duba da ido suka ɗauke su helikwaftocin Mi-24 na Iraƙi.

Injiniya: A ƙara wannan: lambar tsarin amsa da ake kira Mode 3/A, mai alƙaluma huɗu, iri 4096 ce, kowane matuƙi na iya saitawa, har na jirgin fasinja. Ita a ce mata "lambar jirgi". Mode 5 da NATO ke amfani da ita, mai mabuɗin sirri, ita ce "amsar sirri".

Malama Mai Fassara: Na rubuta: gane-na-gida, mai tambaya, mai amsa, sai "harbin na-gida" ga kuskuren. Amma kar a sa "harbin na-gida" a labarin Tudun Biri na Disamban 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya kai wa masu Mauludi hari bisa kuskure. Masu Mauludi ba sa ɗauke da mai amsa, wancan matsalar tantance wurin hari ce.