Me za mu kira "soap opera" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni mu tsayar da suna ga irin wasan nan da Turawa ke kira "soap opera". "Wasan sabulu" ba ya gaya wa Bahaushe komai. Sabulun nan tarihin Amurka ne: a shekarun 1930 kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne ke ɗaukar nauyin wasannin rediyo na rana, don matan gida ne masu sauraro. Sunan mai talla ne ya bi wasan.

"Mai dogon zango" ya riga ya zauna a bakin masu kallon Kannywood, a bar shi inda yake. Sai dai tsawo kaɗai yake nunawa. Labarin 'yan sanda ma yana yin dogon zango.

Ku dubi wasan Dallas, wanda tashar talabijin ta CBS a Amurka ta nuna daga 1978 zuwa 1991. Jock Ewing ya tara dukiyar man fetur a Texas. 'Ya'yansa J.R. da Bobby, kowa da matarsa, suna zaune gida ɗaya da iyayensu a Southfork, ana cin abinci tare, ana haƙa wa juna rami. Bobby ya auro Pamela daga gidan Barnes, maƙiyan mahaifinsa. J.R. ya yi ta wulaƙanta matarsa Sue Ellen har ta faɗa shan giya. Zaman ya ishi kowa, amma tashi ya gagara, domin uwa tana nan, gado yana nan.

Wannan ai gandu ne. Uba da dukiyarsa, 'ya'ya maza suna aiki ƙarƙashinsa, ranar da ƙasa ta rufe idonsa rigima ta fito fili. Shi ya sa nake cewa mu kira shi "wasan gidan gandu".

Na auna "wasan 'yan ubanci", bai ɗauka ba. J.R. da Bobby uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma abin da ke sa gabarsu ta taɓa zuciya ke nan. Sannan 'yan ubanci ƙiyayya ce zalla, alhali ruhin wasan nadama ce. A kashin ƙarshe na 1991, kamfanin ya suɓuce wa J.R., iyali sun watse, yana zaune shi kaɗai da kwalba da bindiga, ana nuna masa yadda danginsa za su rayu da ba a haife shi ba. Duk wanda ya ga gandu ya rabe ya san wannan zaman.

Na san inda za a ja da ni: Coronation Street na Ingila, da ake nunawa tun 1960, labarin maƙwabta ne a layi ɗaya. Gaskiya ne. Irinsa mu ce "wasan unguwa", Dallas da Dynasty (wani wasan Amurka kan dangin attajirin man fetur) kuma "wasan gidan gandu". Masu aikin rediyo da masu fassara, ku gwada su a baki ku gaya mana ko sun zauna.