Ina ake samun biryani na gaskiya a Yamai?

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan zaure. Don Allah wa ya san resto na abincin Indiya mai kyau nan Yamai? maigida ne tun da ya dawo daga jinya New Delhi ya hana ni sakat da zancen biryani, na dafa mai shinkafa da kori da kaza ya ci loma biyu ya ce wannan ai dafa-duka ce 😭

Ɗan Ader: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ƙara mai lafiya. Akwai guda wajen Plateau, can nake kai baƙi, kazar tandori tasu, wato gashin tanderu, ba laifi kuma burodin nan da suke ce ma naan da zafinshi yake zuwa. Sai dai ki riƙe jikkuna da ɗan dama. Zan turo miki kwatance a gefe

Tanti Yantala: Nan ɗin na je, wallahi ba tonka ko kaɗan, miya zaƙi zaƙi kamar an dafa ma jinjiri. Saboda Turawa suke rage yajin

Ɗalibin Hyderabad: Tanti kin faɗi gaskiya amma ba duka ba. Na yi shekara 4 ina karatu can Indiya, abin da ake saida mana a waje kusan duk girkin arewacin Indiya ne, na Punjab da Delhi, miyar tumatir da man shanu da kirim, ita dama haka take ba ta cika zafi ba. Kudu kuwa wata duniya ce, dosa da idli na ƙullun shinkafa da wake da aka bari ya kwana ya yi tsami, idli ɗin in kin gani sai ki rantse masa ce da ba a soya ba, miyarsu kuma tsamiya da kwakwa. Ita tikka masala, miyar gasasshiyar kaza da kowa ke oda, ma a Birtaniya ta yi suna, kuma yawancin gidajen abincin Indiya na can mutanen Bangladesh ne ke da su, 'yan yankin Sylhet. Shi kanshi garin kori na gwangwani ban taɓa ganin matar gidan da na zauna ta taɓa shi ba, kowace miya da nata haɗin take daka

Baban Yara: To malam ɗalibi kenan duk jabu muke ci 😂

Ɗalibin Hyderabad: Yaya ai ko barkonon da suke taƙama da shi 'yan Fotugal suka kai musu a ƙarni na 16, haka dankalin Turawa da tumatir duk baƙi ne. Ni dai abin da ba na yafewa shi ne a soya shinkafa a zuba kala a ce biryani. Biryani basmati ce doguwa, a jera ta hawa hawa da nama da soyayyar albasa, a liƙe bakin tukunya da ƙullun fulawa ta turara a wuta kaɗan

Ɗan Ader: Albasa kam indai ta Galmi ce mun wuce wurin

Tanti Yantala: Kai Ba'adare komi sai ka sako albasa. Hajiya ni shawarata ki bar resto, ki shiga shagunan wajen Petit Marché ki nemi shinkafar basmati da garam masala, wato haɗin kayan ƙamshinsu, kanumfari da citta da kirfa kuwa ko Wadata akwai

Baban Yara: In dai fita za ku yi ku ci daɗi ba rigima, ku je bakin kogi da marece wajen gadar Kennedy ku ci gasasshen kifi, ko dambu da kopto, jikka biyu kun ƙoshi. Mai jinya da yajin Indiya kuma? likita ya yarda?

Uwar Biyu: Gishiri kawai aka hana shi Baban Yara. Ɗalibi ƙanena turo min yadda ake jera ta ɗin da awon ruwa, in ta ƙi sai mu tafi Plateau ran asabar. Shinkafar ana jiƙa ta tukunna ko kai tsaye?

Ɗalibin Hyderabad: A jiƙa minti 30 Anti, a tafasa ta rabin dahuwa a tsane. Bari in fito masallaci in yi miki vokal